Rabin Harshen Inna

Da sunan Allah nake farawa, Shi ne mai cuta, Shi ne mai magani. Na daɗe ina cewa zan rubuta labarin jinyar mahaifiyata, kullum ina ɗagawa. Abin da ya zaunar da ni shi ne wata maƙwabciyata a nan Bacirawa da ta shigo aron turmi, take faɗa min wai mijinta yana da miki a baki tun kafin azumi, suna ta ba shi zuma. Na ce mata ajiye turmin nan ki zauna. Bayan ta fita na ce gara in rubuta, ko Allah zai sa wani ya karanta ya tashi da wuri.

Sunana Rabi, ni ce 'yar fari a wurin Inna. Duk wanda ya tashi a ƙauyukanmu na wajen Tofa ya san kunyar ɗan fari. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Ina ƙarama ni ce "ke", da aka yi min aure na koma "ta Bacirawa". Sai dai ita ta kai abin inda sauran mata ba sa kaiwa, domin ko kalmar rabi ta awo ba ta faɗa. In ta je sayen gero sai ta ce, "A ba ni kwano ɗaya da sunan waccan." Masu awo duk sun gane, ba mai tambaya, kwano ɗaya da rabi za su zuba mata.

Kuma wannan mai kunyar ita ce bakin garinmu, don ita ce maguɗiya. In ta toshe hanci ta rangaɗa guɗa, har ƙauyen da ke bayan gonakinmu sai sun san an kawo amarya. Ba gidan da ba ta yi wa ba, aure ne ko suna. Ni kaɗai ce ban samu ba. Ranar da za a kai ni ɗaki ta shige ta ja ƙyaure, wata ce ta yi min wata 'yar guɗa kamar ta zakaran da mura ta kama. Na daɗe ina yi mata tsiya a kan wannan, ita kuwa sai ta kau da kai ta ce wa ƙannena, "Ku ce wa waccan ta rage surutu."

A wurin biki na fara gane akwai matsala. Da kaka ne, an gama yankan dawa, aure ta ko'ina. Inna ta ɗauki guɗa, tana tsakiya sai ta katse, ta dafe kumatu. Mata suka yi dariya suna cewa tsufa ya zo. Ni ban yi dariya ba, don na lura tun da rana ba ta taɓa miyar da aka sa wa yaji ba, alhali ita ce mai cewa miyar da ba ta sa hawaye ba ruwa ce. Da muka koma gida na matsa mata ta buɗe baki, na haska da fitilar waya. Wani miki ne a gefen harshenta na hagu, bakinsa fari, ya yi tauri. Ta ce haƙorinta ne da ya gutsure yake gogar wurin, kuma ya kwana biyu.

Daga nan likitocin gida suka fara aiki. Wannan ta ce zafi ne, a wanke da bagaruwa. Waccan ta ce a shafa man shanu da zuma. Mai kemis ya ba da ƙwayoyi ja da rawaya. Wata tsohuwa ta rantse basir ne ya haura sama, kuma na ga mutane sun gyaɗa kai, don a wurinmu ba inda basir ba ya zuwa. An cire haƙorin ma, mikin bai san an yi ba. Inna ta ci gaba da cin goronta da 'yar tabar garin da take matsawa a kumatu tun tana budurwa. Sai da kunnen hagu ya fara yi mata suka, tuwo ya gagara sai kunu, sannan ta yarda na kawo ta birni.

Ba zan ɓoye ba, babban asibiti wuri ne na gwada haƙuri. Ka bi layin kati, ka bi layin biya, ka zo layin likita a ce kati bai iso ba. Mun yi zuwa ya fi a ƙirga kafin a tura mu sashen kunne da hanci da maƙogwaro. A can muka haɗu da likitar da har gobe nake sa ta a addu'a, wata 'yar siririya mai tabarau wadda Inna ta fara ɗauka ɗaliba ce. Ta sa safar hannu ta taɓa mikin, ta daɗe tana lalubar wuyan Inna. Ta ce za a gutsuri ɗan nama a kai ɗakin gwaji. Sakamakon ya ɗauki makonni, har na fara zargin sun ɓatar da shi. Da ya fito ta zaunar da mu ta ce ciwon daji ne.

Wanda bai san mu ba ba zai gane nauyin wannan kalmar ba. A wurinmu kowa ya tashi ya ji ana cewa daji ba ya son ƙarfe. Ba a yi masa allura, ba a kusantar da aska, in ƙarfe ya taɓa shi sai ya fusata ya watsu. Ga kuma likita tana cewa maganinsa wuƙa.

"Inna," in ji ta, "mun daɗe muna bibiyar waɗanda muka yi wa irin wannan aikin. Muna kiransu, muna duba su, don mu gane wa yake warkewa, wa ciwon yake dawo wa. Abin da muke gani, ba wuƙa ce take watsa shi ba, jira ne. Mutum sai ya bari ya gangara wuya ya ci ƙarfinsa sannan a kawo shi, in ya rasu a ce ƙarfe ne. Ke hotonki bai nuna ya gangara ba tukuna."

Ta ce abu biyu suke dubawa. Na ɗaya kaluluwar wuya, ko ciwon ya kai can. Na biyu gefe. "In dankali ya fara ruɓewa, ai ba daidai ruɓar kike yankewa ba, kina haɗawa da mai kyau. Haka za mu yi. Sai mu kai abin da muka cire a duba gefensa. In gefen ya fita fes, to mun kewaye shi. Ba na yi miki alkawarin kwana, wannan na Allah ne, amma yanzu ne lokacin da aikin ya fi amfani. Kusan rabin harshen za mu cire. Faɗa min abin da kika fahimta, in tabbatar mun ji juna."

Inna ta dubi bango ta ce, "Za ku yanke min sunan waccan na harshena."

Likita ta dube ni, ta dubi nas. Ni da hawaye ke zuba sai ga ni ina dariya, na yi mata bayani. Ta cire tabarau ta yi dariya har da dafe tebur. Inna kuwa ko murmushi, ta jira muka gama sannan ta yi tambayar da ke cinta.

"Guɗa fa?"

"Magana za ta dawo, da ɗan canji. Guɗa kam ban sani ba, Inna. Ban taɓa yi wa maguɗiya aiki ba, ba zan yi miki ƙarya ba."

Inna ta ɗauki mayafinta ta ce mu tafi gida.

A gida Kawu Ɗanladi yana jira. Yayan Inna ne, shi ne babba tun rasuwar Baba, mutumin kirki mai taurin kai irin na gidansu. Da ya ji an riga an gutsuri nama sai ya yi salati ya ce mun tsokano shi. Ya kawo wani mai maganin daji da turare da wani baƙin gari na shafawa. Na yi magana, ya ce, "Ke da bokonki! Ƙanwata ce kafin ta zama uwarki." Na koma Bacirawa ina koyar da yara a aji, rabin hankalina yana Tofa. Duk Juma'a in na zo sai na tarar zanenta ya ƙara yi mata yawa. Tsoro nake ji ƙwarai, kullum in na gaishe ta sai na saci kallon wuyanta ko wani abu ya kumbura.

Ana haka likita ta kira ni a waya da kanta. Ta ce ba za ta tilasta kowa ba, amma in kawo Inna ranar da tsofaffin majinyatansu suke zuwa dubiya, akwai wadda take so ta gani. Inna ta yarda don maganin ciwon kunnenta ya ƙare. Kawu ya ce ƙafarsa ƙafarmu, kada a yi mata wani abu a bayan idonsa.

Tun daga bakin baranda muke jin muryar matar. Wata gajeriya ce mai jiki, Tabawa sunanta, mai sayar da daddawa a Zakirai. Ta tara mata a benci tana ba su labari, in ta zo kan "sa" sai ta fita da ɗan fito. Da nas ta nuna mata mu sai ta taso.

"Ke ce mai tsoron ƙarfen? Zo nan, 'yar'uwa, zo ki gani."

Ta wangale baki a gaban Inna, ga harshe ya karkata gefe guda, lafiyayye, ja. Ta janye mayafi ta nuna dogon tabo daga bayan kunne zuwa ƙasan wuya. Kawu ya yi sauri ya dubi takalminsa.

"Da wuƙa aka yanka, da allura aka ɗinke, ƙarfe a kan ƙarfe. Jikar da aka haifa ina kwance a gadon can, yanzu ita take kai min daddawa kasuwa in ta taso makaranta. Kuma har yau ba wadda ta fi ni baki a Zakirai. Malam mijina ma cewa yake da sun sani sun ƙara yankewa."

Inna ta yi dariya, ta farko tun kaka, tana dafe da kumatu. Ta ce, "Kina guɗa?"

"Ni? Ai ko da cikakken harshen ban iya ba. Ke dai ki tsira da ranki, in ta ƙi fita ki koya wa jikoki."

Kawu ya yi gyaran murya ya ce wataƙila nata ba dajin gaske ba ne. Tabawa ta buɗe baki za ta ba shi amsa, Inna ta riga ta.

"Yaya, harshen nan a bakin wa yake?"

Washegari Kawu da kansa ne ya ɗaure buhunan gyaɗarsa a bayan babur ya nufi kasuwa, yana tafe yana mita. Tumakin Inna suka bi bayan gyaɗar, maigidana ya kawo nasa, ƙannena suka kawo nasu. Aikin nan yana cin dukiya, kada wanda ya ce muku ba ya ci.

Ana gobe za a ba ta gado, da la'asar, na neme ta a tsakar gida ban gan ta ba. Sai na ji guɗa daga bayan rumbu. Doguwa, mai kaɗawa, irin wadda take yi wa amaryar da take so. Na san azabar da ta sha kafin ta fitar da ita. Kafin ka ce me, mata sun cika zaure suna tambaya wa ya haihu. Inna ta fito tana goge baki da gefen zane ta ce, "Ba kowa. Ajiya na ba ku."

An ɗaga aikin sau ɗaya, wai ba jini isasshe irin nata. Na yi fushi har na yi wa wani ma'aikaci faɗan da ba laifinsa ba. Labari ya kai gida. Ranar da aka sake sa mana sai ga bas cike da maza daga garinmu, manoma da 'yan acaɓa da mai faci, wasu da furfura. Duk wanda Inna ta yi wa matarsa guɗa ya ce shi ma a ɗibi nasa. Nas ta tambayi ko su wane ne, na ce angwayen Inna ne. Kawu Ɗanladi, mai cewa ƙarfe dafi ne, shi ya fara miƙa hannu, aka ce shekarunsa sun wuce, ya yi ta faɗa.

Sun shiga da ita da safe, ba su fito ba sai da rana ta yi sanyi. Na ga Inna da bandeji a wuya, fuska a kumbure, roba a hanci wadda ta nan za a riƙa zuba mata kunu. Likita ta ce sun cire na harshen, sun kuma kwashe kaluluwar wuyan ta wannan gefen don a duba. Na zauna a ƙasa na yi kukan da na daɗe ina riƙewa.

Kwanakin da suka biyo baya Inna ba baki. Ba ta iya rubutu ba, sai na ba ta cokali da kwanon sha. Bugu ɗaya ruwa, bugu da yawa na yi laifi. Ban taɓa sanin mutum zai iya yin faɗa da cokali ba sai a kanta. In kunun ya yi kauri ta buga, in na tace shi ya tsinke ta buga, in na tsaya hira da masu jinyar gadon kusa ta buga ta bi ni da harara. Ni nake goge mata yawu, ni nake juya ta, ni nake wanke mata baki da ruwan gishiri. A da ko ido ba ma haɗawa sosai. Yanzu in zafi ya taso sai ta kama hannuna ta riƙe, in ya lafa ta saki kamar ba ita ba.

Ranar da sakamako ya fito likita ta shigo da saurinta, tun daga ƙofa take murmushi.

"Inna, gefe ya fita fes. Kaluluwar ma ba komai a ciki."

Inna ta ɗaga hannu ta toshe hanci, ta tuna, ta sauke. Sai ta ɗauki cokali ta dinga dukan kwanon nan har nas-nas suka shigo a guje. Duk ɗakin aka ɗauki hamdala, har da waɗanda ba su san me aka ce ba.

Bayan an cire robar aka haɗa mu da wata ma'aikaciya mai koyar da magana da haɗiya. Da farko komai Inna ta faɗa kamar da tuwo a bakinta yake fita. "Ra" ce ta fi ba ta wuya. Matar ta sa ta maimaita rariya, rumbu, rake, rogo. Inna ta ce, da harshenta mai nauyi, ita da ta aurar da gari guda yau ita ake koya wa rogo. Wata rana matar ta nuna ni ta ce, "Yauwa Mama, ga mai sauƙi. Faɗi sunan 'yarki." Inna ta juya fuska bango. Matar ta lallashe ta, ta ce kada ta karaya, da yawa sukan kasa wannan harafin da farko. Ni ina gefe ina danne dariya har cikina ya ƙulle.

Goro da taba an yi sallama da su, kuma wannan ya fi yankan yi mata ciwo, har yau tana ƙorafi. Likita ta nemi izininta ta sa ta cikin waɗanda suke bibiya. Inna ta ce, "Wato ni ce allon da za ku yi karatu a kai." Ta yarda. Muna komawa dubiya a kan lokaci, a laluba wuya, a leƙa baki, don sun gaya mana yana iya dawowa, kuma in an kama shi da wuri ana iya yi masa wani abu. Duk ranar dubiya gabana yana faɗuwa har sai mun fito. Yanzu ita da Tabawa suke raba bencin nan, in an kawo sabon mai tsoron ƙarfe su biyu suke buɗe masa baki.

To, ga abin da nake roƙon mai karatu. Miki a baki ko a harshe da ya ƙi warkewa bayan 'yan makonni, ko dashewar murya da ta ƙi tafiya, ko ƙullutu a wuya, a kai asibiti. A sha zuma in ana so, amma a sha ta a kan hanya. Mun ga waɗanda suka zo a makare a ɗakin nan, wasunsu ba su koma gida ba, Allah Ya ji ƙansu. Da Inna ta ƙara jinkiri ban san wane labari zan rubuta ba.

Da kaka ta zagayo aka yi bikin autar Kawu Ɗanladi. Ba wanda ya ce wa Inna komai, an ma yi shiri da wata ta yi guɗar. Da aka fito da amarya sai matar ta tsaya tana duban Inna, sauran mata ma suka juyo gare ta. Inna ta miƙe, ta gyara ɗaurin zane, ta toshe hanci. Guɗar ta fito gajeriya, a karkace, da ɗan fito a ƙarshenta irin na Tabawa. Ba ta kai ko gonar farko ba. Amma gidan nan ya kaure, masu kuka na yi, masu shewa na yi, Kawu yana zaure yana tambayar me ya faru, da aka faɗa masa sai ya rufe fuska da hula.

Da hayaniya ta lafa muna zaune a tabarma, ina raba wa baƙi waina, sai tsohuwar nan mai cewa basir ne ta matso ta ce, "Ni kam wai nawa suka yanke miki ne?"

Kowa ya san amsar da za ta bayar, wasu har sun fara murmushi. Inna ta ɗago ta dube ni, ido cikin ido, a gaban matan garinmu duka.

"Rabi suka cire," in ji ta. "Suka bar min Rabi."

Faranti ya kusa suɓuce min. Na haura shekara arba'in a duniya, da 'ya'yana har da mai shirin aure, ranar na fara jin sunana a bakin uwata. Na tsaya kamar an dasa ni, hawaye na zuba a kan wainar mutane. Ita kuwa ta kau da kai ta ce, "Ke, miƙa wa baƙi abinci, kin tsaya kina kallon mutane."

Ba ta sake faɗa ba har yau, na koma "ta Bacirawa", masu awo kuma suna nan suna zuba mata kwano ɗaya da sunan waccan. Ban nemi ƙari ba. Na dai kira mai koyar da maganar nan na ce ta gyara abin da ta ɗauka, Inna ta iya harafin nan, na ji da kunnena, kuma ya fita fes.